Tambaya da Amsa: Ƙofofin da ake bari a buɗe a injinan masana'anta

Saƙonnin wannan makon sun karkata ga PLC, wato ƙaramar kwamfutar nan da ke cikin fanel tana juya inji, da manhajojin da ake sarrafa ta da su. Mun zaɓi uku daga cikinsu.

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lantarki ne a wata masana'antar roba a Ikeja. Kamfanin da ya sayar mana da inji ya sa ƙaramar rawuta, wato na'urar haɗa intanet, mai layin waya a cikin fanel, don injiniyansu ya riƙa shiga PLC daga ƙasarsu in inji ya tsaya. Kwamfutar ɗakin sarrafawa kuma akwai AnyDesk a kanta, manhajar da ake sarrafa kwamfuta da ita daga nesa, dare da rana a kunne. Manaja ya ce ba komai tunda akwai kalmar sirri. Haka ne? (Mai karatu daga Agege)

Wa alaikumus salam, Malam. Da sauran gyara a maganar manaja. Kalmar sirrin tana kan AnyDesk ne ko kan rawuta, ita kuwa PLC sau da yawa ba ta tambayar kowa ko wane ne. Yaren Modbus da dubban injina ke magana da shi, kamfanin Modicon ne ya fito da shi tun 1979, lokacin da ba wanda ya kawo a ransa cewa baƙo zai hau wayar. Duk wanda ya isa ƙofa mai lamba 502, wato mashigar da na'urar ke karɓar saƙo ta cikinta a kan waya, zai iya ba da umarni, inji kuma ya bi: ya ƙara zafin hita, ya tsayar da motar da ke juya inji, ya sauya awo. Na'urorin Siemens suna sauraro a ƙofa 102, na Allen-Bradley a 44818. Akwai shafi mai suna Shodan da ba shi da aiki sai zagaya intanet yana rubuta na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe.

A Nuwamban 2023 masu kutse sun shiga PLC ƙirar Unitronics a wata tashar ruwa da ke Aliquippa a Amurka. Ba wata gwaninta aka yi ba. Na'urorin ƙirar nan da aka kai wa hari suna fuskantar intanet kai tsaye, kuma da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, 1111. Bututun mai na Colonial da ya tsaya a Mayun 2021 shi ma ta tsohon asusun VPN (keɓaɓɓiyar hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa) aka shiga, asusun da ba shi da tabbatarwa mataki biyu, wato ƙarin lamba bayan kalmar sirri.

Ka fara da tambayar kamfanin a rubuce: ta yaya injiniyanku ke shigowa? In rawutar tana da adireshin intanet na fili kuma an buɗe ƙofa kai tsaye zuwa PLC, a rufe ta yau, ba sai gobe ba. In kuwa rawutar ce ke haɗa kanta da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, ta VPN, da sauƙi, amma fa tsaronku ya rataya kan asusun ma'aikatansu, don haka kowane injiniya ya kasance da asusunsa shi kaɗai, da lambar tabbatarwa a wayarsa.

Abin da muka fi ba da shawara, kuma kai da hannunka za ka iya yinsa, shi ne ka ɗora wutar rawutar kan makunni mai ɗan makulli a murfin fanel. Makullin ya zauna wajen shugaban shifta. In inji ya tsaya, a kira injiniya, a kunna, a rubuta suna da lokaci a littafi, ya gama a kashe. AnyDesk kuma a cire masa damar shiga ba tare da amincewa ba, sai wani ya danna a gaban allo. In PLC ɗinku Allen-Bradley ce mai makulli a gaba, a bar shi a RUN, kada ya kwana a REM, wato yanayin karɓar sauyi daga nesa. Hakan na hana a sauya shirin daga nesa, sai dai ba ya hana a taɓa lambobin da shirin ke aiki da su, shi ya sa ba ya isa shi kaɗai. A Siemens S7-1200 da S7-1500 kuwa, cikin manhajar TIA Portal ake saita matakin kariya, kuma da yawa an bar su a buɗe gaba ɗaya tun ranar da aka kafa inji.

Ina kula da layin sarrafa abinci a Ilupeju. Kwamfutar SCADA ɗinmu, wato wadda muke kallon layin da sarrafa shi daga allonta, Windows 7 ce. Masu kula da kwamfutocin ofis sun ce dole a sabunta ta, wakilin kamfanin manhajar ya ce in aka taɓa ta ba ruwansa. Maganar wa zan ɗauka? (Wata injiniya)

Injiniya, kowannensu da gaskiyarsa. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 faci na gama-gari, wato gyaran da ke toshe ramukan tsaro, tun 14 ga Janairu, 2020, don haka duk ramin da aka gano bayan nan yana nan a buɗe. Shi ma wakili bai yi ƙarya ba: tsohuwar manhajar SCADA da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da na'urori, kan ƙi tashi a sabuwar Windows, wani lokacin ma lasisin ya ɓace.

Tunda ba za a iya toshe ramin ba, sai a hana kowa isa gare shi. Ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry a Mayun 2017 ta ƙofa 445 ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, alhali facinta ya fito tun Maris, kuma sai da ta tsayar da aiki a wasu masana'antun kamfanin motoci na Renault. Wata guda bayan haka wata ƙwayar mai suna NotPetya ta durƙusar da kwamfutocin Maersk, uwar kamfanin APM Terminals mai gudanar da tashar kwantena ta Apapa. Irin waɗannan ba su san masana'antarku ba, duk abin da waya ta kai su gare shi suke ci.

Saboda haka ki bi wayar kwamfutar nan da idonki ki ga inda ta shiga. In suwic ɗaya, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa, take rabawa da kwamfutar akanta da wayafai na ofis, nan ne ciwon yake. A raba su, a sa fayawol tsakani, wato na'urar da ke tace abin da ke wucewa, a saita ta ta hana komai sai abin da aka rubuta mata dalla-dalla: wannan adireshi zuwa wancan, ta wannan ƙofa kaɗai. Wannan rabo shi ne ginshiƙin IEC 62443, ƙa'idar tsaron kwamfutocin masana'antu. In manajoji na son rahoton aiki, a ajiye kwamfuta guda a tsakani da za ta karɓi bayanai daga SCADA, su karanta daga can. A kashe SMBv1, tsohuwar hanyar raba fayiloli da WannaCry ta bi, bayan an gwada cewa babu tsohuwar na'urar da ta dogara da shi. Ban da duba imel, ban da cajin waya a jikinta.

Sai filashi. Ƙwayar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyam a Natanz ta Iran ta hanyar manhajar Step 7 ta Siemens, filashi na cikin hanyoyin da take yaɗuwa. A toshe ramukan USB, a ware filashi biyu na masana'anta, a riƙa duba su a wata kwamfuta ta daban kafin a soka. Laftof ɗin ɗan kwangila ma filashi ne babba, ya zaga masana'antu da yawa kafin ya zo taku.

Ki kuma gargaɗi 'yan ofis kada su saki manhajar binciken ƙofofi irin Nmap a kan layi yana aiki, tsofaffin PLC kan daskare. Canjin kwamfutar kuwa a sa shi a kasafi, a yi shi lokacin da aka tsayar da layi don gyaran shekara, bayan an kwafe faifan ajiyar kwamfutar (hard disk) gaba ɗaya. Kada a koma Windows 10 ta gama-gari, ita ma tallafinta ya ƙare a Oktoban 2025.

Ina da ƙaramin kamfanin fiya wata a Ikorodu. Yaron da ya haɗa mini injin ya kulle PLC da kalmar sirri ya bar gari. Wani ya ce akwai manhajar fasa kulle a intanet. In saya? (Wani Alhaji)

Ranka ya daɗe, kada ka saya. A 2022 kamfanin tsaro na Dragos ya binciki irin wannan manhaja da ake tallatawa, ya tarar tana fito da kalmar sirrin, amma tana dasa ƙwayar Sality a kwamfutar da aka sa ta. Ka nemi yaron ta hannun ubangidansa ko waɗanda suka haɗa ku, ko da za a biya shi wani abu. In ya faskara, ka je wajen wakilin kamfanin na'urar da rasit ɗinka. Kada ka bari kowa ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, domin hakan na goge shirin baki ɗaya, sai an sake rubuta shi daga farko.

Ranar da ka samu shiga, a kwafe shirin PLC, da na allon taɓawa, da lambobin saitin inbata mai sarrafa gudun inji, a rubuta sigar manhajar da aka yi aikin da ita. Kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya a gida, ɗaya a filashin da ba a sokawa ko'ina. A gwada ɗora ɗaya a kan wata PLC irinta don a tabbatar yana aiki. In tsohuwar ƙira ce mai riƙe shiri da batir, a duba fitilar batirin, domin da batir ya mutu aka ɗauke wuta kafin janareto ya karɓa, shirin ya tafi. Yawanci ana canza shi ne na'ura na kunne, amma a duba littafinta tukuna. Kwangila ta gaba kuma a rubuta a takarda cewa ba a cika kuɗin aiki sai an miƙa shirin da kalmar sirri.