Amsa: Gyaran tsohuwar bindiga Mosin-Nagant

Malam, ka tambaya ko ka yanke katakon Mosin-Nagant ɗinka ka ɗora mata madubin hange. Gaskiya ban goyi baya ba. Tun 1891 sojojin Rasha suka amince da irinta, kuma idan lambar jikin bututu ta yi daidai da ta sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututun), darajarta ke nan. Zarto na taɓa ta, shi ke nan. Nemi wani katakon ka sassaƙa son ranka, ka adana na asali.

Daskararren giris ɗin da ya shige katakon kuwa, shanya katakon a rana, zai riƙa tsattsafowa kana gogewa da tsumma. Kada samfefa ta ci tambarin masana'anta. Kafin ka harba ko sau ɗaya, maƙerin bindiga mai lasisi ya duba ta tukuna.