Filashina ya koma 'yan megabait, kuma ana ce mini "Erase disk" ba ya taɓa D

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Na saka Ubuntu, wato tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, a filashina mai 32GB da manhajar balenaEtcher, yanzu Windows 'yan megabait kawai take nuna mini, wai in yi fomat. Filashin ya mutu ne? Sannan mai gyara ya ce in zaɓi "Erase disk" wajen ɗora Ubuntu a kwamfutar, C kaɗai zai goge, D inda takarduna suke ba abin da zai same shi.

Amsa: Ɗan'uwa, filashinka lafiyarsa ƙalau. Etcher yana shimfiɗa hoton ISO ne, wato fayil ɗin Ubuntu da ka sauke, a kan filashin baki ɗaya, sai Windows ta kasa karanta komai in ban da ƙaramin yankin EFI, wanda ake tayar da kwamfuta da shi. Bar shi haka har ka gama ɗorawa. Daga baya ka buɗe diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai da rubutaccen umarni, ka buga list disk, sai select disk da lambar filashin, sannan clean, create partition primary, format fs=exfat quick. Ka duba girman da kyau kafin clean, domin ba ya tambaya sau biyu. Zai dawo wajen 29GB, haka lissafin yake, ba wanda ya cuce ka.

Maganar mai gyaran nan kuwa ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka C da D ba faifai biyu ba ne, faifai ɗaya ne aka tsaga. Haruffan nan na Windows ne kawai. Ubuntu ba ta san su ba, abin da take gani shi ne sda ko nvme0n1, kuma "Erase disk" yana share teburin yankunan duka: C, D, har da yankin farfaɗo da Windows. Mutumin da bai buɗe Disk Management na Windows, inda kowane faifai ke da layinsa, ya duba ko layi ɗaya ne ko biyu ba, da wane ilimi yake ba ka tabbaci? Kullum sai an kawo mana irin wannan ɓarna, mai gyaran kuma ya ɗora wa "bairos" laifi. A faifan zamani na SSD abin ya fi muni, domin TRIM, umarnin da ke share gurbin abin da aka goge, na iya wofintar da gurbin bayanan nan take, TestDisk ma, manhajar ceto bayanai, ya dawo hannu rabbana.

Kafin komai, kwashe takardunka zuwa faifan waje, ba filashin da Ubuntu ke ciki ba. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na aiki, adana mabuɗinsa mai lamba 48, sannan ka kashe shi. Buga powercfg /h off don kashe Fast Startup, tsarin saurin tashi na Windows, in ba haka ba Linux za ta hana ka rubutu a yankin NTFS, wato yankin Windows. Ka rage C daga cikin Windows da Shrink Volume da ke cikin Disk Management. Ubuntu na neman aƙalla 25GB, amma ni ba na ba ta ƙasa da 50GB. Sai ka zaɓi ɗora ta kusa da Windows.

In kuwa ka riga ka danna "Erase disk", kashe kwamfutar yanzu, ka tashe ta daga filashin, kada ka rubuta komai a faifan.