Asmar Ɗana Tana Tashi Da Dare, Duk Da Na Rufe Tagogi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana mai shekara 7 yana da asma. Tun da hunturu ya shigo, tsakar dare sai ya farka da tari, ƙirjinsa na fito. Ina rufe tagogi ruf saboda hazo, amma babu sauƙi. Me zan yi?
Maman Abba, Rigasa, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Hazon da kike gudu ba ƙaramin abu ba ne. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga hamada, musamman yankin Bodele na ƙasar Chadi, daga Nuwamba har wajen Maris. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, hanci ba ya iya tare ta duka. In ta sauka cikin hanyoyin iskar mai asma sai su kumbura, su tsuke, majina ta taru. Fiton da kike ji ke nan.

To amma 'yar'uwa, da kika rufe tagogin, me kika bari yana ci a ɗakin? Gidaje da yawa da nake shiga a Rigasa da Tudun Wada, da magariba za ki tarar da maganin sauro mai hayaƙi a gindin gado, ga kaskon turaren wuta, wani lokacin ma ga garwashin jin ɗumi. Yaro ya kwana yana shaƙar wannan har asuba. A ganina wannan ya fi hazon waje cutar da shi, kuma shi ne ke hannunki.

Ki daina kunna maganin sauron, ki ɗaura masa gidan sauro. Turaren wuta kuwa, na san ba ma son rabuwa da shi, amma ki yi shi bayan ya tafi makaranta, ki buɗe taga hayaƙin ya fice kafin ya dawo. Garwashi kada ya kwana a ɗaki ko kaɗan, haka janareto a kai shi nesa da taga. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. In da gawayi ko itace kike girki, ki yi a tsakar gida, ya matsa nesa.

Sai shara. Tsintsiya a busasshen ƙasa tayar da ƙura kawai take yi. Ki yayyafa ruwa, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. In akwai kafet a ɗakinsa, ki naɗe shi ki shimfiɗa leda. A riƙa wanke zanin gado duk mako, a shanya katifa a rana. Ranar da hazo ya yi kauri, ki sa masa takunkumi kafin ya hau Keke Napep.

Gyaran ɗaki ba ya maye gurbin magani. Farkawar dare alama ce asmar ba ta lafa ba. Inhela, wato maganin asma da ake shaƙa ta baki, mai launin shuɗi irin Ventolin, buɗe ƙirji take yi na ɗan lokaci. Akwai ta kariya da ake shaƙa kullum, likita ne zai rubuta. Kada ki saurari masu cewa wai in an fara inhela an kamu ke nan. Ki kai shi a duba shi cikin makon nan. In kuwa kika ga ya kasa ƙarasa magana, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ki ba shi inhelar ku nufi asibiti mafi kusa ko Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna a daren, kada ki jira gari ya waye.