Sabunta tsohon keji: fenti mai araha zai iya cinye ribarka

Tambaya: Ina sana'ar tsuntsaye a Kano, aku da kanari da tattabaru. Nakan sayi tsofaffin keji da araha. Shin in shafa musu ragowar fentin ƙofa in sayar, ko akwai illa?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Dabarar sabunta keji tana da riba, amma ragowar fentin ƙofa kada ka kusance shi. Aku ba ya zama kawai cikin keji, da baki yake hawa, yini yake yana gaigayar waya. Duk abin da ka shafa, cikinsa zai shiga. Wasu fentin mai, musamman masu hana tsatsa, suna ɗauke da dalma ko zinki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, balle tsuntsun da bai kai rabin kilo ba. Sai ka ga ya yi laushi, yana amai, kashinsa ya koma kore, wani lokaci har da farfaɗiya. Mai saye ba zai zargi fenti ba, kai zai ce ka sayar masa da mara lafiya, kuma ya gaya wa maƙwabta.

Ka nemi fentin ƙarfe wanda ake sirkawa da ruwa, ka karanta jikin gwangwanin ka tabbatar babu dalma babu zinki. Kafin shafawa ka kankare tsatsa da tsohon fenti da buroshin waya har ƙarfe ya fito, a fili, nesa da tsuntsaye da yara, ka rufe hancinka. Shafi mara kauri sau 2 ya wadatar.

Inda 'yan kasuwa ke faɗuwa shi ne gaggawa. Fenti kan bushe a hannu alhali bai gama kamawa ba. Ka bar kejin a inuwa mai iska mako 2, in har hancinka na jin wari, ka ƙara masa kwanaki. Wannan jiran kuɗinka ne a kwance, don haka ka sa shi cikin lissafi tare da kuɗin keji, fenti da ladan aiki kafin ka yanka farashi. Ka riƙa yi rukuni-rukuni, wani na shanya wani na kasuwa.

Kejin da tsatsa ta ci har waya ta fara karyewa kuwa, kai wa 'yan gwangwan su auna maka.