An dakatar da ni daga ƙungiya ba a ji ta bakina ba

Tambaya: Barista, ina cikin ƙungiyar masu sayar da kayan gyaran babur a kasuwarmu. Mun yi cacar baki da wani a wurin taro, washegari sai ga takardar dakatarwa ta wata uku da tarar naira dubu 20. Ba wanda ya kira ni. Abokin rigimar tawa ƙanin shugaba ne, shi ko gargaɗi ba a yi masa ba. Ina da mafita?

Amsa: Malam, kana da ita. Fara da neman kundin tsarin mulkin ƙungiyar. In tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, dole akwai shi a rubuce. Duba wa aka ba ikon ladabtarwa, shugaba ne shi kaɗai ko kwamiti, kuma ko tarar nan tana ciki. Sau da yawa mai dokar barci ne ke ɓigewa da gyangyaɗi.

Amma ko da kundin ya ba shi iko, hukuncin yana da rauni ta fuska biyu: ba a saurare ka ba, kuma wanda ya yanke shi yana da hannu a maganar. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi sauraro na adalci, kotuna kuma kan auna kwamitocin ladabtarwa da wannan ma'auni. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri bayan wata tarzoma, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ba sai an kama shi da son kai ba. Zamansa a kujerar ya isa. To ina ga shugaban da ke hukunta wanda ya yi faɗa da ƙaninsa? Kamata ya yi shugaban naku ya janye, ya bar wa mataimaki ko dattawa. A Musulunci ma haka ne, domin da Annabi (SAW) zai tura Sayyidina Ali Yaman alƙalanci, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga ɓangare na biyu.

Sai dai kada ka garzaya kotu. Alƙalai ba sa son shiga harkar cikin gida ta ƙungiya kafin a bi matakan da ita kanta ta tsara, kuma kuɗin lauya zai ninka tarar. Rubuta ƙorafi ga amintattun ƙungiyar, ka sa kwanan wata da sunayen waɗanda suka shaida abin, sakatare ya sa hannu a kwafinka. Ban da zagi a ciki. In ka faɗi magana mai zafi a taron, amsa ta. Abin da kake nema a sake zama ne da ku biyun, a gaban waɗanda ba ruwansu. In sun yi biris, je wurin sarkin kasuwa, ko cibiyar sulhu ta babbar kotu in jiharku tana da ita, kamar Kano da Legas.