Fumfunar Gyaɗa: Launi da Guba Daga Tushe Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a wasu buhunan da nake saye nakan tarar da gyaɗar da ta yi fumfuna kore-kore mai sirkin rawaya. Ɗana da ke karatun kimiyya ya ce a ƙasar Sin har abinci ake rinawa da fumfuna. Idan na wanke launin na soya gyaɗar, da sauran illa?
Daga wata mai karatu, Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ɗanki ya faɗa gaskiya ne, amma gyaɗar nan taki ba ta ciwuwa, ko an wanke ko an soya.

Fumfuna halitta ce mai rai wadda ke cin sitaci da man da ke cikin ƙwaya. Idan ta samu danshi da zafi ta bunƙasa, wasu nau'o'inta sukan ɗauki ƙananan sinadarai su riƙa jera su ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda magini ke jera tubali, sannan su naɗe jerin ya zama zobba. Yadda aka naɗe zobban ne ke sa abin ya fito launi ko ya fito guba, shi ya sa sau da yawa fumfuna guda take yin duka biyun. Wadda mutanen Sin suka daɗe suna renonta a kan dafaffiyar shinkafa, wato Monascus purpureus, tana ba da ja da rawaya da ruwan goro, ana kuma rina nama da sauran abinci da ita. Ita kanta ba a sake mata ba, domin wasu irinta suna fitar da gubar sitirinin mai lahani ga ƙoda, don haka sai an zaɓi iri, an kuma auna abin da ta samar kafin ya shiga kasuwa.

Ta kan gyaɗarki, bisa kamannin da kika bayyana, mafi kusa ita ce Aspergillus flavus, mai haifar da gubar afilatoksin. An gano gubar ne bayan annobar 1960 a Ingila, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: sinadarin farko da fumfunar ke haɗawa a hanyar yin gubar yana da launin ja-ja, amma kafin aikin ya kammala launin ya gushe, ta yadda ido ba ya ganin gubar sai an haska ta da fitila ta musamman a ɗakin gwaji. Koren da kike gani ƙurar irin fumfunar ce kawai. Ruwa zai tafi da ƙurar, gubar kuwa ta riga ta ratsa cikin ƙwayar, kuma zafin suya ba ya kashe ta gaba ɗaya. Idan aka matse mai, kaso mafi girma a tunkuza yake zama, wadda ita ce ake murzawa a yi ƙuli, yara kuma su ne manyan masu cinsa.

Gubar tana cin hanta a hankali har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, idan kuma ta yi yawa takan kashe cikin kwanaki, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125.

Ki tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko ƙwari suka huda, ki binne ta. Kada ki ba dabbobi, domin gubar tana biyo nonon saniya da na akuya. Ki sayi wadda ta bushe ƙarau, ki ɗora buhunan bisa katako nesa da bango. Manoman da kike saye a wurinsu kuma ki tambaye su ko sun san Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar daga irin wannan fumfunar da ba ya yin guba; ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure, sai ya riga mai gubar kama wuri.