Fastar tsohon fim ɗin yaƙi na Japan: in saya ko in bari?

Tambaya: Na ga ana sayar da fastar fim ɗin Biruma no Tategoto a intanet, mai kayan ya ce ta asali ce, kuma kuɗin bai yi yawa ba. In saya?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ka fara tambayarsa: asalin wace shekara? Darakta Kon Ichikawa sau biyu ya yi wannan fim na sojan Japan da ya zama malamin addinin Buda a ƙasar Bama (Myanmar a yau). Na farko a 1956 ne, baƙi da fari, daga kamfanin Nikkatsu, da 'yan wasa Shoji Yasui da Rentaro Mikuni. Na biyu mai launi ne, a 1985, da ɗan wasa Kiichi Nakai. Fastar 1985 ma ta asali ce, don haka mai kayan zai iya faɗin gaskiya kai kuma ka yi asara, domin ta 1956 ce mai wuyar samu, ita ce masu tarawa ke nema. Araha a nan alama ce ta a yi hattara.

Ka sa ya ɗauko maka hoton ƙasan fastar kusa-kusa, inda tambarin kamfani da sunayen 'yan wasa suke, da hoton bayanta. Ya kuma auna ta. Fastar silima ta Japan da aka fi bugawa ita ce B2, santimita 51.5 da 72.8. In ta gaza haka sosai, wataƙila chirashi ce, 'yar takardar talla da ake rabawa a ƙofar silima, ko kuma bugun zamani. Idan ka ga shekarar Showa a jikin fastar, wato lissafin shekarun mulkin Sarkin Japan Hirohito, ƙara mata 1925: Showa 31 ita ce 1956.

Alamar ninki kada ta tsorata ka. Ni na fi natsuwa da tsohuwar takarda mai ninki da ɗan ramin ƙusa a kan wadda ke sheƙi fes ana ce mini ta haura shekara sittin. In ya ƙi aiko hotuna, bar masa kayansa.

Tambaya: In ta iso, in kai a yi mata laminatin?

Amsa: Kul! Laminatin ba ya ɓantaruwa, darajarta ta tafi kenan. Salatif ma haka. Shimfiɗa ta tsakanin takardu marasa asid, nesa da hasken rana da raɓar damina, ka kuma riƙa leƙa wurin saboda gara.